Rigar Maman da Atine Ta Kawo

Daren Alhamis, Tambuwal

Ban yarda da Atine dillaliya ba. Karo na uku ke nan tana kawo wa 'yar farina rigar mama, kullum da rantsuwa: "Wallahi wagga babba ta, daga Sakkwato ta hito." Yau na duba ƙyallen lambar da ke jikin rigar, sai na ga da hannu aka ɗinka shi, da baƙin zare. Wa ya sauya shi?

Ita ma yarinyar, wannan "ta yi mini, Inna" da take faɗa kai a sunkuye bai kwanta mini ba. Amma ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na kira, balle in auna ta.

Da ƙanwata Hajo ta zo daga Kebbe, na sa ta shiga ɗaki da ita. Ta fito rai a ɓace. "Yaya, igiyar ta ci mata kafaɗa har ta yi tabo. Shi ya sa take tafiya a duƙe."

Gobe Hajo za ta auna ta, su je kasuwa tare.

Atine ta cuce ni, babu shakka. Amma Hajo ta ce ko ita Atine ta taɓa tambayar yarinyar ko rigar ta matse ta. Ni da na haife ta fa?