Jitar Yayana da Taki Ya Cinye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na roƙi mai kula da wannan zaure ya saka saƙona ba tare da suna ba, saboda akwai 'yan uwana a cikinku, kuma maganar ta shafi gida. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san gyaran kayan lantarki, domin na kai inda ilimina ya tsaya.

Shekaruna hamsin. Na karanta injiniyancin noman rani a jami'a, aikina kula da magudanan ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Na san injin ban-ruwa, na san haɗa waya daidai gwargwado, amma ban taɓa buɗe cikin abin kiɗa ba sai bana.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni sosai. A ƙuruciyarsa ya yi kiɗan jita ta lantarki a Kano, a wuraren biki da otal-otal. Da mahaifinmu ya rasu sai ya dawo gida ya karɓi gona, ya zama manomin tumatir da shinkafa, shi ya riƙe ni har na gama karatu, kuma ba wanda ya sake jin ya ambaci jita. Daminar bara ya samu shanyewar ɓarin jikinsa na dama. Magana ta tafi, sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Wata rana na je gaishe shi, ya riƙa nuna mini sito da hannun hagu yana motsa yatsu a iska, na rasa me yake nufi. Matarsa ce ta gane. Ta ce, "Injiniya, abar nan tasa ta zamanin da yake tara gashi yake nema. Je ka duba saman sito, in gara ba ta riga ka ba."

Gara ba ta taɓa ta ba. Na sami jitar a naɗe cikin buhunan taki biyu. Duk wanda ya san yankinmu ya san buhun taki shi ne akwatinmu, yana da leda a ciki, ruwa ba ya ratsa shi, a ciki muke ajiye iri da tabarma har da tufafi. Yaya ya yi abin da kowa ke yi, ya kakkaɓe buhu ya saka abin da yake so a ciki. Amma ragowar taki tana jan laima, tana cin ƙarfe, ga siton a gefen magudana. Itacen yana nan kamar jiya aka ajiye shi. Duk abin da yake ƙarfe ko tagulla kuwa ya yi kore, wasu wayoyin ina taɓa su suna marmashewa.

Na kai ta gidana na fara aiki. Na sauya tsirkiya, na cire tsofaffin wayoyi na liƙa sababbi da dalma, na samo sabon abin murɗa ƙarar sauti a Kano. Na aro amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a wajen wani mai lasifikar biki. Ranar da na fara jona ta babu abin da ya fito sai gurnani, da na ɗora hannu a kan tsirkiya kuma wuta ta ja ni har gwiwar hannu. Na gano amfilifayar ba ta da wayar ƙasa, sai na kafa rodi a wuri mai danshi a bayan gida na haɗa, gurnanin ya lafa. Sannan ƙaramin makunnin jitar ya riƙa ƙaraf-ƙaraf, na kwance shi na goge. A kowane mataki ina cewa saura kaɗan.

Ga inda na maƙale. A ƙarƙashin tsirkiya akwai wasu 'yan akwatuna biyu masu maganaɗisu, masu gyara suna ce musu fikof, su ne ke ɗaukar motsin tsirkiya su mayar da shi sauti. A cikin kowanne an naɗe zaren tagulla siriri kamar gashi. Na can ƙasa ya tashi bayan na goge shi, muryarsa siririya ce mai kaifi. Na kusa da wuyan jitar kuwa, na ɗora mitar gwada wuta a kansa allura ko motsi ba ta yi ba, wato zaren ya tsinke a wani wuri a cikin naɗin.

Na ce ai ɗaya ma ya isa, na ɗauke ta na kai wa Yaya. Muka jingina shi da filo, na ɗora masa ita a cinya. Hannunsa na hagu lafiya lau yake, ya hau wuyan jitar ya danne tsirkiya yadda ban taɓa zaton zai iya tunawa ba. Na dama ne ba ya motsi, sai ya kalle ni, na gane, na zauna a gefensa ina kaɗa masa. Shi yana dannawa, ni ina kaɗawa, matarsa tana tsaye a bakin ƙofa ta rufe baki da gyale. Ba mu yi nisa ba ya tsaya. Ya ɗora yatsa a kan fikof ɗin da ya mutu, ya ƙwanƙwasa shi, ya yi ta fama da harshensa har ya ce, "Wannan." Matarsa ta ce da shi yake kiɗa tun asali, mai murya mai kauri, ɗayan bai taɓa sonsa ba. Tun ranar, in na shiga ba hannuna yake fara kallo ba, bayana yake kallo ko na ratayo jitar.

Babban ɗansa, malamin makaranta ne a Kano, ya ji labari ya zo ya same ni. Ya yi mini magana cikin ladabi amma da zafi. Ya ce mutumin da likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, kuma ciwon zai iya maimaituwa, karatun Alƙur'ani ya kamata ya riƙa ji, ba kiɗan otal ba. Na ce masa ban hana karatu ba, ni ma ina yi masa, amma wannan ne kaɗai abin da ubansa ya roƙa tun da ya kwanta. Ya ce, "Baffa, ba zan yi jayayya da kai ba, amma gidana ba za ta shiga ba." Da zarar an gama kwasar tumatir zai mayar da Yaya gidansa a Kano kusa da asibiti, kuma kwanduna sun riga sun fara raguwa a bakin titi. Ban ga laifinsa ba, ɗa ne yana tsoron lahirar ubansa. Ni ma na tambayi kaina ko don Yaya nake wannan naci, ko don ban iya yi masa komai a kan ciwon ba shi ya sa na kama abin da ke da waya da dalma.

Wani mai gyara a Kano ya ce in saka sabon fikof a ƙarƙashin tsohon murfi, ba wanda zai gane. Na saurari sabon a shagonsa, ko ni da ba makaɗi ba na ji ba muryar da aka kwatanta mini ba ce, balle Yaya, kuma ba na son in yaudari mara lafiya. Na so a sake naɗa tsohon da sabon zare, amma da mai naɗin injin ruwa a Kura ya nuna mini mafi sirantar zarensa, ya fi wannan kauri nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne in warware naɗin da hannuna. Idan tsinkewar tana sama-sama, zan cire kaɗan in liƙa, fikof ɗin ya tashi. Idan tana can ciki inda takin ya fi ci, to na lalata shi ke nan har abada, kuma idanuna sai da tabarau, hannuna ba na yaro ba ne. Na ɗaga murfin, na hango bakin zaren, na kasa taɓawa, shi ya sa na hau mota na zo shagon intanet ina rubuto muku.

Idan akwai wanda ya taɓa warware irin wannan naɗi, don girman Allah ya gaya mini ta ina ake kama zaren, da yadda ake gane an kai inda ya kamata a tsaya. Idan kuma kuna ganin in bar shi yadda yake, to ku gaya mini me zan ce wa Yaya ranar da za a saka shi a mota.