Rubutun Fensir a Littafin Baban Hasna

Unguwar Wangsa Maju, Litinin

Malam Kalilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya karatu? Na gode da abincin da kake rataye mana a ƙofa tun da na shiga takaba.

Jiya bayan la'asar na gane. Zaman ɗaki ne ya ishe ni, na ɗauki ɗaya daga littattafan Baban Hasna, mai shuɗin bango. Turancina a sakandare ya tsaya, da waya nake duba kalmomi, sati uku ina jan sa. Labarin wani gari ne inda matattu ke dawowa yini ɗaya a shekara, amma ƙofar wanda suka fi so kaɗai suke iya shiga. Da farko istigfari na yi ta yi. Duk da haka na kasa ajiyewa, don ni ma ina so a buga mini ƙofa.

Sai ga wani masunci ya dawo. Matarsa ta yi shara, ta yi girki, ta zauna jira. Ya wuce ta ya shiga gidan abokin sana'arsa. A gefen shafin, Baban Hasna ya rubuta da fensir: "Taka zan shiga." A ƙasa an amsa: "Zan bar ta a buɗe." Hannunka ne, wanda ke rubuta mini gaisuwa a ledar tapau, wato ledar abincin da kake kawo mana. Ashe kusan kowane shafi hira kuke yi, ni da na ɗauka zane-zanen 'yan boko ne nake tsallakewa.

Yaya Na'Allah, wan marigayi, zai iso daga Kano Talata ta sama ya kwashe kayan gado. Malamin Turanci ne, kuma masallacinsu ɗaya da mahaifinka.

Ka huta lafiya.
Zulaihatu

Unguwar Taman Melati, Laraba

Maman Hasna,

Wa'alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Shafi'u, ya kai haske kabarinsa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ba ni da bakin neman gafara. Abin da kika karanta haka yake. Amma wallahi yana ƙaunarki, bai taɓa faɗin aibinki ba.

Roƙona ɗaya ne: ki saka littafin a leda ki rataye a ƙofa. Ni na saya a kantin littattafai na Bukit Bintang, na ba shi kyauta. Idan Na'Allah ya buɗe shi, ba ni da gidan komawa, sunan mamaci kuma ya ɓaci. Ki dubi Allah.

Naki cikin girmamawa,
Kalilu

Wangsa Maju, Lahadi

Malam Kalilu,

Sallama. Wasiƙarka ta same ni.

Da bakinka ka ce kyauta ka ba shi. To ya zama na magada, da haƙƙin Hasna a ciki, da na Hajiyarsa. Ba zan ɗauki kayan marainiya in bayar a ɓoye ba, ko allura ce.

Kada ka ƙara gaya mini yana ƙaunata. Na ƙarasa labarin. A ƙarshe matar ta ɗauki girkinta ta kai musu, har da murmushi. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama matar kowa ba. Ni jifa na yi da littafin, daga baya na ɗauko na share masa ƙura.

Hasna ta leƙa ka ta taga, ta ce Kawu Kalilu ya rame. Ka riƙa cin abinci. Ni ana zuwa yi mini gaisuwa, kai na san babu wanda ya yi maka. Allah ya ba ka haƙuri.

Na sa Hasna ta sayo mini magogin fensir a kedai, kantin da ke ƙasan benenmu. Rubutunka na goge duka, shafi ɗari uku da goma. Nasa ne na kasa. A wuri huɗu ya kira sunanka, kuma jirgin Yaya jibi zai sauka. Har yanzu ban goge ba.

Zulaihatu