A Maido wa Malam Haladu Irin Dawarsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken kimiyya a ƙasar nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Ranka ya daɗe, ni malamin aikin gona ne a Birnin Kudu. Ba ɗabi'ata ba ce in kai ƙara bainar jama'a. Sau biyu na rubuto wa ofishinku a asirce, ban sami amsa ba, ga shi kuma damina ta ƙarato.

Na farko. Shekara huɗu ke nan da aka sa ni cikin wani binciken da hukumarku ta ɗauki nauyinsa, a kan dawar da ke jure ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye ƙarfin hatsi tun daga saiwa. Aikina shi ne tattaro irin gargajiya daga ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu. A wani ƙauye kusa da Surko na haɗu da Malam Haladu, dattijon da ya gaji wata dawa daga kakansa, ana ce mata Mai-haƙuri. Maƙwabtansa duk sun koma sabon iri. Shi kaɗai ya rage yana shuka ta.

A wajenmu irin gado ba kayan sayarwa ba ne, amana ake ba mutum, shi kuma in ya girbe ya kawo wa mai shi zangarniya, domin kada irin ya yanke a gidan da ya fito. Malam Haladu ya hau rumbu da kansa, ya zaɓo mini zangarniya biyar. Na karɓa da hannu biyu a gaban 'ya'yansa, na ce za ta dawo.

Na biyu. Takardar da aka ba mu mu cike tana da gurbin lamba, da na ƙaramar hukuma, da na launin ƙwaya. Ba ta da gurbin sunan iri, balle na mai shi. Na rubuta "Mai-haƙuri, Malam Haladu" a gefe da fensir. Wanda ya shigar da bayanan cikin na'ura bai ga inda zai sa shi ba, sai ya bar shi. Ba na ɗora masa laifi. Ni ma ban bi sawu ba, kuma wannan nawa ne.

Na uku. Binciken ya yi nasara a ma'aunin hukumarku. An buga sakamakonsa a mujallun ƙasashen waje, na kuma ga an ambace shi cikin rahotonku na shekara, inda ake ƙirga sau nawa masana suka kafa hujja da shi, ana kiran wannan tasiri. Sunana yana ciki, har ya taimaka mini wajen ƙarin girma. Amma a takardun nan kowace dawa lamba ce kawai. Ni da na ɗauko ta da hannuna ba zan iya nuna wacce ce Mai-haƙuri ba. Kuma har yau ba a koma ƙauye ko ɗaya an faɗa wa manoma, da harshen da suke ji, abin da aka gano ba.

Na huɗu. Bara waccan ambaliya ta cinye gonar Malam Haladu, ta kuma rushe rumbunsa. Irin ya ƙare ƙaƙaf. Abin da ya rage a duniya, in ya rage, yana ma'ajiyar irin da aka kai samfuranmu. Na je can a motar haya. Suka ce in kawo lamba, na ce suna na sani. Suka ce su ba su san suna ba.

Dattijon bai taɓa tambayata ba. In mun haɗu a kasuwa sai ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya wuce. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ɗansa ne ya gaya mini cewa bara ya bar kunya uku a bakin gona bai shuka komai ba, wai na Mai-haƙuri ne. Tun daga ranar na daina bin hanyar Surko.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A ba ni izinin duba takardun da muka cike da hannu, in suna nan, domin rubutun fensir ɗin zai kai mu ga lambar. A fitar mini da ko cikin tafin hannu ne na irin kafin ruwan shuka. Sannan a ƙara gurbin sunan iri da na mai shi a takardunku, a kuma daina rufe bincike sai an koma wa waɗanda aka karɓa daga hannunsu.

Malam Haladu ya manyanta, iri ma ba ya daɗewa a ajiye bai mutu ba. Ban san wanda zai riga wani ba. An ce mini bana ma ya sa an ja kunyoyin nan uku.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka, ya ba ni ikon sauke tawa.

Wassalam.

Malam Sabo Garba,
Birnin Kudu.