Farin Tabo a Kofunan Jibi

Zuru, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga angona Ebenezer,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya karatu, yaya zafin Sakkwato? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi tuba. Za ka ce me ya hana ni kiran waya. Ka san ni, in na kara waya a kunne har Dabai ana jina, maganar nan kuwa ba ta kunnen maƙwabta ba ce. Shi ya sa na ba Arzika direba takarda.

Shekara ashirin da biyu ke nan ni ke wanke kofunan jibin Ubangiji na ikilisiyarmu, ɗari da arba'in, ban taɓa fasa ko ɗaya ba. To wata uku a jere, in wanke su ran Asabar in kife a tire, gari na wayewa sai ga farin tabo a jikinsu kamar hawaye ya bushe. Jibin da ya wuce matar fasto ta ɗaga ɗaya wajen taga, ta goge da bakin zanenta, jama'a na kallo. A zumuntar mata an fara cewa idon Mama Dinah ya gaji, a hutar da ita. Sun ba ni wata mai zuwa. In tabon ya sake fitowa, tiren ya bar gidana.

Idona ƙalau yake, shi ya nuna mini Saloma. Rana ɗaya aka yi mana baftisma, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma daga bakinta kalmar hutarwar nan ta fara fita. Kowace Asabar ta wanke kofuna sai ta shigo aron rariya, mace mai rariya uku. Ran nan na ga ta tsoma yatsa a robar ruwan ɗauraya ta lasa, ta fita. Kai da kake karatun haɗe-haɗen ruwa a kwalabe, gaya mini wane gari ne ake zubawa ya ɓuya sai kofi ya bushe.

Kada babanka Haggai ya ji. Soja a bakin aiki ba ya bukatar labarin kofi.

Amaryarka da ka yi watsi da ita,
Dinah

Zuru, 21 ga Fabrairu

Ebenezer,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. Da fatan tarin ya sake ka.

Na karanta amsarka sau uku. Wai ba Saloma ba ce, ruwan bohol ɗin gidanmu ne mai zartsi, wai allin dutse ne narke a ciki. Bohol ɗin da ubanka ya haƙa mini da guminsa a ƙarshen daminar nan don in daina ja da guga? Wanda fasto ya yi wa addu'a, aka yanka akuya, unguwa duka ta zo ta sha? Ruwan nan garau yake, kana ganin ƙasan bokiti. Gaya mini gaskiya, Saloma ta kira ka? Na san jikarta Praise tana da lambarka, wannan ma magana ce ta wata rana.

Tambayoyinka kuma. E, cikin butar shayi ya yi farin ɓawo. E, sabulu ba ya kumfa, na riga na yi wa Boniface mai shago tas a kan ya canza mini da na jabu. Wake kuwa sai ya cinye itacen kwana biyu, amma wannan na san mutanen Ribah ne suka sayar mini da tsoho.

Duk da haka na koma wurin Boniface na tambaye shi a kaikaice, wai wata ƙawata ce ke fama. Ban rufe baki ba ya jawo wani dogon abu kamar tukunyar gas, ya ce a bakin tanki ake ɗaura shi, yana tausasa ruwa, sai dai a riƙa ba shi gishiri lokaci-lokaci. Na ce akuya ce? Saurin amsarsa ma bai kwanta mini ba, kamar mai jirana. Kuma ranar da aka ɗaura abin nan a gidana, duk Zuru ta ji cewa ruwan Haggai sai da magani.

Zan yi gwajin da ka ce, rabi da ruwan bohol, rabi da tafasasshe wanda ya kwanta, don in kunyata ka. A ɗakina zan kulle su. Saloma kuwa na riga na gaya mata a gaban mata cewa ran Asabar ta nemi rariya a wani gidan. Murmushi kawai ta yi. Mai gaskiya ai da ta yi faɗa.

Kakarka,
Dinah

Zuru, 4 ga Maris

Angona na kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jarrabawa? Zauna tukuna kafin ka karanta, kuma ban yarda ka yi dariya ba.

Na kulle ɗakin, mabuɗi a ƙulle a bakin zanena, ko kaza ba ta shiga ba. Da safe na bohol sun yi fari fat. Na tafasasshen sun ɗan fi, amma ba za su tsallake tagar matar fasto ba. Na bi su da lemun tsami kamar yadda ka rubuta, tabon ya fita sarai, ina ɗaurayewa da ruwan gida ya dawo abinsa. Ruwan sama da ka ambata kuwa, a watan nan sai dai ka aiko mini da shi daga littafinka.

Na zauna bakin gado ina kallon kofunan har rana ta yi tsaka. Jibi saura kwana ɗaya. Rijiyar da na sani mai ruwan daɗi a unguwar nan guda ce, a bayan katangata take.

Na ɗauki tiren na shiga, ban tafi da wata magana a baki ba. Saloma na tsince shinkafa. Ta dube ni, ta dubi tiren, ta tambaya ko rariya na zo aro. Na ajiye tiren a bakin rijiyarta. Ta tashi ta jawo guga huɗu da hannunta. Muna wanke kofunan take gaya mini tun ranar da ta lasa ta gane, amma wa zai kalli uwar soja ya ce ruwan ɗanta ba shi da kyau. Hutarwar kuma, wai so ta yi a ba ta kofunan ta wanke, ta miƙo mini ta katanga in kai da kaina. Labarin ya yi kyau da yawa, ban ce na yarda ba.

Ran Lahadi matar fasto ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga na biyu, ta mayar da su cikin tire. Tiren yana gidana, kuma ba wanda ya ambaci bohol. In babanka ya zo Ista zan sha ruwansa a gabansa in yaba, kai kuma ka rufe bakinka na boko.

Sai dai ga abin da ya biyo baya. Yanzu wanke kofunan a gidan Saloma ake yi, ita ke gogewa, kuma ran Lahadin sai da ta raba kofunan tire biyu, ta ɗauki ɗaya ta shige gabana har ƙofar coci, tana gaisa da kowa a hankali don a gan ta. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da aikin nan ni kaɗai, da guga huɗu ta karɓe rabi.

Ka bincika mini abin nan mai cin gishiri, ko akwai ƙarami wanda zai ɓuya a bayan ɗaki. Kada Praise ta ji.

Taka har kullum,
Dinah