Igiyar Simsim Da Na Damƙa Maka

Zuwa ga Malam Mansur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da sauran mutanen gida a Kano. Na ga hotunan walimar da aka yi maka ta dawowa daga Masar, na kuma ji an fara kiran ka ustazu. Allah ya sanya wa karatun albarka.

Na kira wayarka har na gaji. Saƙonnina suna shiga, amsa ce ba ta fitowa. Shi ya sa na kawo maganar nan fili, a wannan shafi na intanet inda na san kana leƙowa. Waɗanda ba su san mu ba su yi haƙuri da ni.

Ka san lokacin da tallafin karatuna ya tsaya, muna ɗaki ɗaya a Hadayik el-Ma'adi, na rasa inda zan sa kaina. Wani ɗan Sudan ya haɗa ni da wata mata da ke neman mai fita da karenta yawo. Na karɓa ina jin kunyar kaina. A duk 'yan Najeriyar da ke Alƙahira kai kaɗai na faɗa wa. Ka yi dariya har ka kwanta a kan katifa, sannan ka tashi zaune ka ce, "Sana'a ce, Bashir. Ka dai ware kayan sallarka." Wannan maganar taka ita ta tsayar da ni a kan aikin.

Ka ga yadda na yi shi. Ina idar da asuba nake fita, don in rana ta ɗaga kwalta tana ƙona musu tafin ƙafa. Aljihuna cike da leda ta kwashe kashi, kafaɗata kullum tana ciwo saboda jan igiya. Na koyi layin da karnukan titi suka mallaka, in kauce masa. Na koyi haɗiye maganar yaran da ke bi na suna haushi, da kallon da wasu 'yan uwanmu ke yi min in muka yi kiciɓis a bakin tashar jirgin ƙasa ta metro. In na dawo sai na yi wanka na sauya kaya kafin in taɓa komai a ɗakin, kai ma shaida ne.

Ba ni da ubangida, ba ni da hutu, ba wanda zai tsaya min in na kwanta ciwo. In bazara ta yi masu karnuka suka tafi bakin teku, sai in zauna. Abin da nake da shi kawai shi ne mutanen unguwar Ma'adi sun yarda su ba baƙo baƙar fata makullin gidajensu. Shekaru na yi ina tara wannan yardar, gida bayan gida.

Madam Samira ce ta fara ba ni. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna ƙasashen waje, gwiwoyinta ba sa barin ta sauka bene. Daga ita sai Simsim, ɗan ƙaramin kare ja mai kunne ɗaya a karye. Da shi take hira. In na dawo da shi sai ta tambaye ni wa ya gani a hanya, wa ya yi wa haushi, kamar yaro na ɗauko mata daga makaranta. Ita ta riƙa ba maƙwabtanta lambata tana cewa, "Bashir ɗana ne, ku ba shi ido rufe."

Ranar da tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, ya buge ni ƙafata ta karye, ba ciwon ne ya sa ni kuka a asibiti ba. Na san masu karnuka ba sa jira, kafin in warke sun samu wani. Kai ka gama jarrabawa, kana jiran ranar tashi. Ban roƙe ka ba, Mansur. Kai ka zauna a gefen katifata ka ce in ba ka igiyoyin, za ka riƙe min har ka tafi, kafin nan ma nemo wani.

Na ba ka makullai da wayar aiki. Abu ɗaya na yi ta nanata maka har ka ce na ishe ka: kada ka saki igiya ko na ƙiftawar ido, kuma idonka ya zauna a bakin kare, domin akwai masu ajiye nama mai guba a gefen bola saboda karnukan titi. Ka ce, "Khalas, shi ke nan, na ji."

Kullum da safe kana fita, ka dawo da hantsi ɗauke da burodi da wake, ka ce min kowa lafiya, Madam tana gaishe ni. Kai kake tallabe ni zuwa banɗaki. Kai ka wanke min kai da na kasa tsayuwa. Na riƙa faɗa wa mahaifiyata a waya cewa Allah ya ba ni ɗan uwa a ƙasar mutane.

Da za ka tafi filin jirgi ka rungume ni a bakin ƙofa, ka ce in yafe maka duk abin da ka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba. Na ɗauka irin bankwanan da kowa ke yi ne. Na ce na yafe, har da hawayena. Ka karɓi yafiyar nan ka sa a jaka alhali ka san ban san abin da nake yafewa ba.

Bayan tafiyarka na tarar da wayar aiki a kashe cikin akwatin kicin, makullai a kanta. Na ɗauki sanda na ja ƙafa zuwa Ma'adi. Ammu Ragab, mai gadin gidan su Madam, wanda kullum yake tsayar da ni shan shayi, shi ya tare ƙofar da jikinsa. Bai amsa sallamata da kyau ba.

Daga bakinsa na ji. Tun a makon farko ka dawo da Simsim a hannu, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin a kai shi wajen likitan dabbobi ya mutu a cikin tasi, a kan cinyar Madam. Kuma a gaban mutanen gidan ka ce ni na umarce ka ka riƙa sakin karnuka a wani fili, wai haka nake yi kullum in samu wuri in zauna. Daga nan ka kashe wayar. Ba wanda ya ƙara ganin ka a unguwar.

To ina kake zuwa duk safiyoyin nan, Mansur? A ina kake zama har hantsi, kafin ka sayo burodi ka zo ka kalli idona ka ce Madam tana gaishe ni?

Labari ya zaga duk masu karnuka kafin ni in ji. Na bi gidaje ina mayar da makullai. Wasu sun riga sun sauya kwaɗo. Wani ya miƙo hannu ta tsagin ƙofa ya karɓa bai bari na ga fuskarsa ba. Mutum ɗaya ne ya bar min karensa, shi ma yanzu a ƙasa yake miƙo min igiya, ba na hawa sama.

Da ka dawo ranar nan ka ce min, Bashir, tsautsayi ya faru, igiya ta kuɓuce min, wallahi da ɗingishina zan je in tsaya a gabanta tare da kai. Tsautsayi yana samun kowa. Ni ma kare ya taɓa fizge min. Na san tsoro ne ya kama ka, ga biza, ga tikiti, ga takardar shaidarka da ba ta fito ba. Na san wannan tsoron, ina kwana da shi. Amma da ka duba wanda za ka tura gaba don ka tsira, sai ka zaɓi wanda ke kwance bai iya tashi.

Sai da na yi ta zarya Madam Samira ta yarda na hau. Ta rame. Ba ta zage ni ba, ba ta ce in zauna ba. Na faɗa mata ban taɓa sakin Simsim a titi ba, ban san ko ta yarda ba. Sannan ta ce, "A ina ya ci abin? Ya daɗe yana shan wahala kafin a kawo min shi? Ya yi kuka?" Ni kuwa ba na wurin. Mutum ɗaya ne a duniya ya sani.

Ba aikina nake roƙon ka dawo min da shi ba, wannan ya wuce hannunka. Lambarta tana cikin saƙon da na tura maka. Larabcinka ya fi nawa. Ka kira tsohuwar nan ka faɗa mata yadda aka yi, daga farko har ƙarshe, ko da za ta kashe wayar a kunnenka.

Mansur, har yanzu in na dafa shayi sai in ga na zuba kofi biyu. Ina jin haushin kaina a kan haka, amma ban iya cire ka daga raina ba, kuma ban iya wanke ka ba.

Allah ya ba Madam Samira haƙuri, ya sanyaya mata gidan da ya yi mata faɗi. Allah ya buɗa min wata ƙofar. Kai kuma Allah ya tsare ka, ya raya ka, ya hana zuciyarka sakewa har sai ka ɗauki wayar nan. Amin.

Ka gaida Hajiya.

Wanda ka bari a ɗaki,
Bashir
Hadayik el-Ma'adi, Alƙahira