Farantin Sola Ya Zama Wurin Shanya Barkono

Anti Balaraba, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni ɗaliba ce a lise, wato sakandare, muna zaune a unguwar Bromakoté a Adjamé. Innata zoɓo da ƙanƙara take sayarwa, amma kuɗin kuran, wato wutar lantarki, na cinye ribar. A aji aka koya mana cewa hasken rana kyauta ne, kuma kawuna da ke garin Tawa da sola yake kunna firigonsa, wato firji. Duk da rashin maganata, na nace har Inna ta ɗauki adashenta, muka je unguwar Treichville muka sayo farantin sola.

Anti, da mai haɗawa ya zo sai ya ce faranti kaɗai ba ya tayar da firigo, sai da babban batir da na'urar juya wuta, kuma kuɗinsu ya ninka na farantin! Ashe ranar ce kawai kyauta? Mai shagon bai ce mana komai ba. Yanzu maƙwabciyarmu barkono take shanyawa a kai.

Abin da ya fi damuna, Inna ba ta ce uffan ba. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni. Fushi ne ko haƙuri? Na kasa cin abinci.

Ɗaliba mai damuwa, Adjamé

Ɗiyata, ni ma na riƙe baki. Malaminku bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. Mai shagon ya ɓoye sauran, ke kuma kin yi gaggawa ba ki tambayi kuɗin kayan gaba ɗaya ba.

Farantin bai lalace ba. Ku bar firigo a kan kuran. Ƙaramin batir zai ba ku fitila da cajin waya, maƙwabta ma su yi caji su biya. Idan kun fi son mayarwa, babban mutum ya raka ku shagon.

Shirun Inna kuwa kara ce, kada ki fassara shi da kanki. Matar da ba ta iya kiran sunanki ta ɗauki adashenta a kan maganarki. Ki sami ƙanwarta ta kai mata ban haƙurinki da wannan shawara. Kafin nan, ki ci abinci, ki sauke barkonon nan. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa wa Inna kasuwa.

Anti Balaraba