Lissafin da zai hana Bulus tafiya Kwatano

Daren Alhamis, Kafanchan

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙawata Rifkatu: ba don jarrabawa na dage da karatun Ikonomiks ba, don Bulus ne. Tun da cittar babansa ta ruɓe a gona yake cewa zai bi kawunsa Kwatano a ƙasar Benin, wai sefa ta fi naira daraja. In ya tafi, wa zai riƙa kaɗa mana jita a kwayar cocinmu? Ni kuma wa zan riƙa satar kallo?

Sai na samo hujja a littafinmu: in aka raba abin da ƙasa ke samu a kan kowane mutum, ɗan Najeriya ya fi ɗan Benin. Na kwafe ta tsaf cikin wasiƙa, sai ka ce lauya.

Yau na daure na nuna wa malaminmu na Ikonomiks, Malam Dogara, shafin. Ya juya bangon littafin, ya yi dariya. "'Yata, wannan littafin ai ya kusa ya girme ki. Tun da naira ta faɗi sun kamo mu, ƙila ma sun wuce. Kuma rabon nan a takarda yake. Kin taɓa ganin an kawo wa mamanki nata kason?"

Kunya kamar in nutse.

A littattafan soyayya yarinya ba ta kawo lissafi. Kuka take yi a tasha, saurayin kuma ya sauko daga mota. Ni ba zan iya kuka gaban mutane ba.

Na soke lissafin duka. Layi ɗaya ya rage: "Bulus, don Allah kada ka tafi." Ranar Asabar bayan koyon waƙa zan miƙa masa da hannuna.